Darasi: Barcin Ɗan Makaranta da Karatunsa

Shugaban ƙungiya ya karanta wannan darasi a hankali a gaban taro, maza da mata, ya riƙa tsayawa domin mutane su yi magana.

Kowane ɗan ƙungiya ya san abin da yake fita daga rumbu kafin yaro ya zauna a aji. Akan kai buhun masara kasuwar Sheme ko ta Yankara, wani lokaci har da akuya, domin a sayi yadin makaranta da littattafai, a biya kuɗin jarrabawa. Ƙarshen zango ya zo, yaro ya kawo takardar sakamako, sai a ga yana can ƙasa. Uba ya ce malamai ba sa koyarwa. Malam ya ce yaron daƙiƙi ne. Kaka ta ce baki aka yi masa. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ƙarfe nawa yaron nan yake kwanciya, ƙarfe nawa kuma ake tashinsa.

Ga shanun huɗa kuwa ba ma yin wannan kuskure. Wanda ya bar shanunsa suka kwana a tsaye, sauro yana cizonsu, ba harawa, ba zai ɗaura musu garma da safe ya ce su tayar masa da kunya mai kyau ba. In suka yi nawa ya san dalili. Amma yaro ya yi gyangyaɗi a aji, bulala ce maganinsa.

Abin da ƙwaƙwalwa take yi da dare

Mutane da yawa suna tsammani barci kamar kashe fitila ne, kome ya tsaya sai gari ya waye. Ba haka yake ba. Ƙwaƙwalwa tana aiki dukan dare, aikin kuwa ya shafi karatu kai tsaye.

A shekarar 1924 waɗansu malamai biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Jenkins da Karl Dallenbach, suka yi gwaji da ɗalibai 2. Sukan ba su waɗansu kalmomi 10 marasa ma'ana su haddace. Wani lokaci ɗaliban su kwanta barci nan da nan, wani lokaci su tafi harkokinsu na yini. Bayan awa 1, ko 2, ko 4, ko 8, sai a tambaye su. Bayan awa 8 na barci sukan tuna kamar 5 ko 6 cikin 10 ɗin. Bayan awa 8 ido biyu, da ƙyar suke tuna 1. Mutum 2 ba su isa a kafa hujja ba, gaskiya ne. Amma cikin shekara 100 da suka biyo baya an maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da yawa, da yara da manya, amsar kuwa tana fitowa gefe ɗaya.

Ga yadda za mu gane abin. Sa'ad da muka yanke dawa, ba daga gona take shiga rumbu ba. Akan tara ta a fili tukuna, a ɗaure damma, sa'an nan a kwashe zuwa gida. Dawar da aka bari a fili ta tsuntsu ce da gara da dabba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci suke kira hifokamfus, shi ne filin tara amfanin yini. Abin da malam ya koyar yau, can yake sauka. Da dare, lokacin barci mai nauyi, ƙwaƙwalwa takan yi ta maimaita abin, tana kwashe shi zuwa inda zai daɗe. An ga wannan da na'ura. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton a Jami'ar Arizona suka sa wa ɓeraye waɗansu 'yan wayoyi a ka, suka bar su suna neman abinci. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka yi aiki tare lokacin yawon, su ne suka sake aiki tare sa'ad da ɓerayen suka yi barci. Wato ɓera yana bitar darasinsa yana kwance.

Abu na biyu kuma, in ba a kwashe na jiya ba, na yau ba shi da wurin sauka. Yaron da bai yi barci ba yana zaune a aji, idonsa a buɗe yana duban allo, amma maganar malam tana wucewa kamar ruwan sama a kan fako. Saboda haka hasarar kashi biyu ce: bai ajiye na jiya ba, bai ɗauki na yau ba.

Barci kuma ba iri ɗaya ba ne. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman a Jami'ar Shikago suka lura akwai lokacin da idon mai barci yake motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, a lokacin ne aka fi yin mafarki. Duba jariri yana barci, za ka gani. Mutum yakan zagaya tsakanin barci mai sauƙi da mai nauyi da na mafarki, kowane zagaye kamar minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon kwanciya, a cikinsa ne jiki ya fi sakin sinadarin da yake sa yaro girma. Barcin mafarki ya fi yawa wajen asuba. Yaron da aka tasa tun da sauran dare, wannan sashe ne ake yanke masa.

Dattawa sukan ce a bar magana ta kwana. Suna da gaskiya. A 2004 a Jami'ar Lubek ta Jamus aka ba mutane wani lissafi mai tsawo, wanda yake da gajeriyar hanya a ɓoye, ba a faɗa musu ba. Waɗanda suka yi barcin awa 8 kafin su koma kansa, waɗanda suka gano hanyar a cikinsu sun ninka na waɗanda ba su yi barci ba fiye da sau 2.

Awa nawa ya isa?

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Mai shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. Mai shekara 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Babba, awa 7 ko fiye.

To, bari mu yi lissafi irin namu. Ga yaro ɗan aji 4 na firamare, shekararsa 10. Ana tashinsa ƙarfe 5:30 domin ya ba awaki abinci, ya ɗebo ruwa, ya kama hanyar makaranta. In zai sami awa 9, wanda shi ne mafi ƙanƙanta, tilas ƙarfe 8:30 na dare ta same shi ya riga ya yi barci. Ba a ce yana shirin kwanciya ba, ya yi barci. In kuwa sai 10:30 yake kwanciya, awa 7 yake samu. Bashin awa 2 ke nan kowane dare, awa 10 daga Litinin zuwa Jumma'a, ya fi barcin dare ɗaya cur. Kowane mako yana zuwa makaranta kamar wanda aka zare wa dare guda.

Wani zai ce, awa 1 ko 2 me za su yi? A Isra'ila, Avi Sadeh da abokan aikinsa na Jami'ar Tel Aviv sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 2003. Yara 77 ne, 'yan aji 4 da aji 6. Aka roƙi waɗansu su kwanta awa 1 kafin lokacin da suka saba, waɗansu kuma awa 1 bayansa, dare 3 kaɗai. Da aka gwada su a kan mai da hankali da tuna abu, waɗanda aka ƙara wa barci suka ci gaba, waɗanda aka rage wa kuwa ba su yi ba. Dare 3 ke nan. Yaranmu zango guda suke yi a haka.

Ku lura da wannan, gama nan iyaye suka fi ruɗewa. Babba in bai yi barci ba yakan yi hamma, ya yi laushi. Yaro sau da yawa akasin haka yake yi: ya ƙi zama wuri ɗaya, ya yi ta tsokana, kuka ba dalili, ka aike shi ya manta saƙon a hanya. Sai mu ce rashin kunya ne. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce, yaron da barcinsa ya isa ba ya wuyar tashi. Wanda sai an yi ta girgiza shi ko an yayyafa masa ruwa kowace safiya, yana bin bashi.

Wa yake cinye daren yaranmu?

Na fari, aikinmu ne, kada mu ɓoye. A 1975 aka buɗe aikin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ƙasar Faskari da Ƙanƙara suna cikinsa. Takin zamani ya yawaita, masara ta shiga gonakin da dā dawa da auduga ne kaɗai, aiki ya ƙaru. Shekara guda bayan haka, a 1976, aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka shiga aji. Safiyar da yaro yake ba gona, makaranta ta karɓe. Aikin kuwa bai tafi ko'ina ba, sai ya koma asuba da dare. A ganina har yanzu ba mu zauna mun daidaita waɗannan abu biyu ba, yaro ne yake biyan bambancin da barcinsa.

Dubi yadda lokatan suka haɗu. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne kaka: karyar masara, yankan dawa, cirar auduga. In akwai farin wata akan baje masara a tsakar gida, a yi ta ɓara ana hira har dare ya raba, yara ne kuwa a gaba. Zango na uku ya faɗo a kan shuka da noman fari da maimai. A daidai lokacin ne kuma 'yan ajin ƙarshe na sakandare suke rubuta WAEC cikin Mayu da Yuni, NECO cikin Yuni da Yuli. Masu fadama kuma da rani sukan tura yaro ban ruwa da dare. Ba wanda ya ce yaro kada ya yi aiki. Ɗan manomin da bai iya riƙe fartanya ba an cuce shi. Maganar ita ce lokacin aikin. Abin da za a yi ranar Asabar da rana, kada a yi shi daren Talata.

'Yan mata sun fi shan wuya, mata 'yan ƙungiya sun san haka. Yarinya ta dawo makaranta ta ɗauki talla, ta dawo ta yi surfe, ta hura wuta, ta goyi ƙane. Bayan an ci tuwo ita ce mai wanke-wanke, ɗan'uwanta kuwa ya riga ya miƙe a tabarma ko ya fita. Da asuba ita ce mai shara da ɗumame. Ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ita ce ta fari a tashi. In sakamakonta ya lalace sai a ce ai dā ma karatun mace ba ya nisa, a cire ta. An yanke mata hukunci a kan abin da gida ne ya jawo. Uwa ta raba aikin dare tsakanin maza da mata, tukwanen da ba a bukata da safe su jira rana.

Na biyu, gidan kallo da waya. Manyan wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako, ranar Talata da Laraba, sukan fara ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu, su ƙare wajen 10 ko 11. Kafin yaro ya gama gardama da abokai ya iso gida, ya huce daga murna ko haushi, 12 ta yi. Wanda bai fita ba kuma yana cikin bargo da waya yana kallon fim. Fitila mai aiki da hasken rana alheri ce, ta fi aci-bal-bal da hayaƙin kananzir, amma ta tsawaita dare a gidajen da dā duhu ne yake kora kowa kwanciya.

A nan akwai abin da ya kamata mu yi wa samari da 'yan mata adalci a kansa. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka ta nuna cewa sa'ad da yaro ya balaga, agogon jikinsa yakan ja baya. Sinadarin da yake kawo jin barci, melatonin, yakan makara fitowa. Saboda haka saurayi mai shekara 16 da ya ce ba ya jin barci ƙarfe 9, ba lalle ƙarya yake yi ba. Haske a ido da dare yana ƙara jinkirta wannan sinadari, hasken safiya kuwa yana jawo agogon gaba. A birnin Siyatil na Amurka, a 2016, aka mai da lokacin shiga sakandare daga 7:50 zuwa 8:45. Ɗalibai suka sami ƙarin barci na minti 34, makinsu ya ƙaru, makara ta ragu a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Mu ba mu da ikon sauya agogon makaranta. Abin da yake hannunmu shi ne dare. Waya ta kwana a ɗakin uba. Uban kuma ya san yara suna ganin hasken tasa.

Na uku, karatun kwana. Jarrabawa ta matso, yaro ya sayi goro, ya sha shayi mai kauri ko Nescafé, wani ma ya tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi, ya ce zai kai asuba. Iyaye su yi ta yaba masa. Goro da shayi da kofi duka suna da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yakan rage a jikin mutum bayan kamar awa 5. Wanda ya sha ƙarfe 8 na dare, ƙarfe 1 rabi yana nan yana aiki. Ba ya kawar da gajiya, rufe ta yake yi, kamar a shafe tsagar bango da farar ƙasa. A 2019 aka buga wani bincike daga makarantar fasaha ta MIT a Amurka, inda aka ɗaura wa ɗalibai 100 agogon auna barci zango guda. Waɗanda barcinsu ya fi tsawo, ya fi kyau, kuma lokacinsa bai cika sauyawa ba, su ne suka fi maki. Abin mamaki, barcin daren jarrabawa kaɗai bai nuna bambanci ba. Barcin mako da watan da aka yi ana koyon darasin shi ne ya nuna. Manomi ba zai yi mamaki ba. Ba ranar girbi ake zuba taki ba. Yaro ya yi karatun awa 1 kowace yamma tun farkon zango, ya kwanta a kansa.

Akwai wanda ya shafe mu kanmu, sai mu faɗa. Koyon waƙa da yake kaiwa ƙarfe 10, kwanan addu'a a tsakiyar mako, hirar biki da zaman makoki, duka da yara a ciki. Dattawan ekklesiya suna iya mai da irin waɗannan daren Jumma'a, ko a sallami 'yan makaranta ƙarfe 8.

Ɗakin kwana

Awa 9 a kan tabarma ba awa 9 na barci ba ne. A birnin Chennai na Indiya an bi ma'aikata talakawa fiye da 400, aka buga sakamakon a 2021. Sukan daɗe a kwance, amma barcinsu bai wuce kamar awa 5 da rabi ba, saboda zafi da sauro da hayaniya da cunkoso suna ta farkar da su. Da aka ƙara musu lokacin kwanciya da dare amfanin bai fito ba, amma barcin rana na rabin awa a wuri mai shiru ya taimaka musu. Manya ne, ba yara ba, duk da haka ɗakinsu ya yi kama da namu.

Sauro ne babba. Yana hana barci da kukansa, sa'an nan ya kawo zazzaɓin da yake kwantar da yaro mako guda, ya bar shi da ƙarancin jini. Gidan sauron da aka raba domin yara ne. Mun ga inda aka kewaye renon tumatir da shi, ko aka rufe 'yan tsaki. A ɗinke inda ya yage, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Kuɗin cizo kuma, a fitar da tabarma da katifa rana, a zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a lice tsagar bango. Yaron da yake susar dubura da dare tsutsa ce, a nemi magani a ɗakin shan magani, a ba yaran gidan duka.

Ku ji wannan da kyau. Kada a fesa maganin ƙwarin gona a ɗakin kwana domin sauro ko kuɗin cizo. Kada kuma a ajiye buhunan hatsin da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin da mutane suke kwana, ko wanda yake manne da shi. Ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, ta sha kashe yara suna barci. Tun da aka fara tsoron barin hatsi a rumbun waje, mutane da yawa ciki suke shigar da shi, haɗarin ya ƙaru.

Yunwa ma tana hana barci, musamman cikin Yuli da Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In abinci ya yi kaɗan, a tabbata 'yan makaranta sun sami na dare, ko kunu ne. Yaron da yake minshari mai ƙarfi kullum, numfashinsa yana tsayawa yana dawowa, ko wanda yake barci isasshe amma gyangyaɗi bai bar shi ba, a kai shi asibiti a duba maƙogwaronsa da jininsa. Ba aikin wanzami ba ne.

Daren tsoro

Akan ce dare mahutar bawa. A ƙasarmu shekarun nan dare ya zama abin fargaba, darasin nan kuwa zai zama wasa in ya tsallake wannan. A watan Yuni 2020 'yan bindiga suka auka wa Kadisau a ƙasar Faskari, suka kashe mutane da yawa. A shekarar mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, har ajujuwan makaranta suka zama ɗakin kwana. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga watan. Daga wurin kwanansu aka ɗebe su. Yaron da ya ji wannan labari, ko a wane ƙauye yake, ya koyi cewa shimfiɗa ba wurin tsira ba ce. Akwai yaran da suka yi watanni suna kwana a daji ko cikin dawa, ruwa yana dukansu, da safe su wanke fuska su tafi aji.

Jikin da ya saba da tsoro ba ya sakewa don an ce masa yau lafiya. Ko bayan abu ya lafa, yaro yakan firgita da ƙarar babur, ya yi mugun mafarki, ya farka yana ihu. Wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance yakan koma. Duka ko gori ba ya warkar da wannan, ƙara shi yake yi. A aji irin wannan yaro yakan zauna kamar ba ya nan.

Ƙungiyar manoma ba ta da ikon kawo zaman lafiya, amma akwai 'yan abubuwan da suke hannun iyaye. Kada a yi hirar hari da kuɗin fansa a gaban yara da dare, kada a nuna musu hotunan gawa a waya. A bar maganar sai da rana, tsakanin manya. Yaro mai firgita ya kwana kusa da babban da ya amince da shi, ko da ya girma. In ya ba da labarin mafarkinsa a saurara, kada a ce masa namiji ba ya tsoro. A faɗa wa yara tun da rana abin da za a yi in wani abu ya taso, wa zai riƙe hannun wa, gama yaron da ya san akwai shiri ya fi samun barci. Gadin dare na manya ne, kada a sa ɗan makaranta. In an yi daren da ba a runtsa ba, a bar yaro ya yi ƙailula bayan ya dawo makaranta, rabin awa zuwa awa 1, kada ta kai la'asar sakaliya don kada ta ɓata na dare. Uba kuma ya je ya faɗa wa malam, domin malam ya san wanda yake gabansa. In firgitar ta wuce wata guda ba sauƙi, a nemi ma'aikacin lafiya.

Aikin da za a yi kafin taro mai zuwa

Kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi yaro 1 cikin gidansa, mace ko namiji, wanda karatunsa yake ba shi damuwa. Kwana 14 ya rubuta lokacin da yaron ya yi barci da lokacin da ya tashi. Wanda ba shi da agogo ya yi amfani da kiran sallar lisha da ta asuba daga masallacin maƙwabta: in an kira lisha ɗan firamare ya fara shirin kwanciya. Wanda bai iya rubutu ba, yaron ya rubuta da kansa. Mako na fari kada a sauya kome, a duba kawai. Mako na biyu a jawo kwanciya gaba da awa 1, a tsai da lokacin tashi wuri ɗaya har ranar Asabar da Lahadi.

A wurin taron ku tattauna waɗannan. A gidajenmu wane aiki ne ake yi da dare wanda zai yiwu da rana? In ƙungiya ta haɗa kuɗi ta ɗauko injin ɓarar masara rana guda, ya bi gida gida, nawa zai ci kowane mutum, dare nawa kuma zai fanso wa yara? Za a iya sa gayya ranar Asabar a madadin tsakiyar mako? Gida nawa ne cikinmu yara suke kwana ba gidan sauro? Mata su faɗi nasu, gama su suka san wanda yake wanke tukunya.

Sakatare ya tattara takardun kwana 14 ɗin. A gayyaci malami ɗaya daga makarantar da yaranku suke zuwa, a nuna masa, a tambaye shi waɗanne yara ne suke gyangyaɗi a ajinsa, kuma ƙarfe nawa suke farawa.